Burauzar cikin gem: tana da amfanin da ya kai wahalar kula da ita?

Dan_Kibod:
Salam 'yan'uwa. Yau na shiga gem ɗin da nake bugawa kusan shekara huɗu sai na tarar da sanarwa wai a afdet mai zuwa za su cire burauzar da ke ciki gaba ɗaya, duk linkin da ka danna waje zai fitar da kai. Gsky abin ya min ciwo. Monita ɗaya gare ni, kuma a cikin burauzar nan nake buɗe wiki, wato shafin bayanan gem ɗin, in duba inda ake samun kaya, a nan nake ganin jadawalin ƙungiyarmu, wani lokacin ma idan muna jiran mutane su taru sai in kalli bidiyon yadda ake wuce wani mataki ba tare da na bar wasan ba. Dalilin da suka bayar wai kula da ita na cin musu lokaci. To ni tambayata, wace irin kula? Abu an riga an gina shi, yana aiki, ba sai a ƙyale shi haka ba? Ni dai ina ganin ƙyuya ce kawai. Masu ilimin abin ku fahimtar da ni don Allah.

Zee_Tauraruwa:
Wslm. Ni ma ina tare da kai ɗan'uwa. Wanda ke da monita biyu ba zai gane ba.

MaiKod:
Malam Dan_Kibod, na fahimci ciwon amma maganar "a ƙyale shi haka" ita ce ba ta yiwuwa da burauza. Ni aikina kenan, rubuta manhaja, kuma na taɓa riƙe wata da aka cusa wa burauza a ciki. Takobi ko mota a cikin gem idan an zana su an gama, shekara goma suna nan yadda suke. Burauza kuwa ƙofa ce da ke buɗe ga duk intanet, kullum tana karɓar kod daga mutanen da ba ka sani ba tana gudanar da shi a kan kwamfutarka. Yawancin gem ba su rubuta tasu ba, Chromium suke ɗauka, wato injin da ke cikin Chrome, su saka ta hanyar wani abu da ake ce wa CEF. To a 2021 Google ta rage tazarar fitar da sabon Chrome daga sati shida zuwa sati huɗu, daga 2023 kuma gyaran tsaro kusan kowane sati yake fita. Duk ramin da aka toshe a can ana bayyana shi, kowa ya gani har da masu kutse, kuma ramin yana nan a buɗe a cikin gem ɗinka har sai kamfanin ya ɗauko sabon injin ya haɗa ya gwada ya tura wa kowa. Wannan ita ce kular.

Dan_Kibod:
To ai sai su riƙa ɗaukowa. Ba kwafa ba ne kawai a liƙa?

MaiKod:
Ina ma haka ne. Burauzar cikin gem ba ta zana shafinta a kan allo kai tsaye kamar Chrome, sai ta zana shi a ɓoye sannan gem ya ɗauki hoton ya shimfiɗa a cikin tagarsa, kuma duk danna linzami da duk harafin da ka buga sai gem ya miƙa mata da hannunsa. Wannan gadar da ke tsakaninsu ita ke karyewa duk lokacin da aka canja injin. Yau rubutu ya daina shiga, gobe sauti, jibi kuma manhajar hana maguɗi ta ga wani sabon abu yana gudana ta ɗauka ɓarawo ne. Mutum ɗaya ko biyu cikakku za ka ware su kan wannan kaɗai.

Tsohon_Matuki:
Bari in ba ku tarihi tunda na ga irin wannan da idona. EVE Online, na kamfanin CCP da ke ƙasar Iceland, shi ne gem ɗin da aka fi sani da burauzar ciki. A ƙarshen 2009 suka saka sabuwa mai injin Chromium, a 2016 suka cire ta, kuma babban dalilin da suka faɗa shi ne wannan da MaiKod ya kawo, injin ya tsufa, sabunta shi aiki ne babba, ga haɗarin tsaro. Amma abin da mutane ba sa faɗa shi ne tamu ba burauza ce kawai ta karanta shafi ba. Idan ka amince wa wani shafi, gem ɗin da kansa yana gaya masa sunan matuƙinka da tsarin taurarin da kake ciki a lokacin. Mu da muke zaune a ramukan nan da ake ce wa wormhole, inda hanyoyi ke buɗewa su rufe kullum babu taswira tsayayya, da wannan muke rayuwa. Kana tsallakawa taswirar ƙungiya tana zana kanta, kowa ya ga hanyar gida. Shafukan taswira irin su Tripwire da Siggy duk a kan haka suka tashi. Da aka ce za a cire hankalinmu ya tashi ƙwarai, amma kafin su cire sai da suka buɗe wata hanya da shafin waje zai iya tambayar sabar gem ɗin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, inda kake idan ka ba shi izini, irin hanyar da ake ce wa API, sunanta CREST a lokacin, daga baya ESI. Taswirar ta ci gaba da aiki a Chrome ko Firefox. A nan na gane ba burauzar muke so ba, zaren da ke tsakanin gem da shafin muke so.

Zee_Tauraruwa:
Baba Tsohon_Matuki wannan ku ne masu manyan kayan aiki. Ni ba taswira nake nema ba, so nake idona ya zauna a kan gem ina karatu. A gem ɗinmu idan ka kau da kai na daƙiƙa goma wani zai iya zuwa ya kashe ka ya kwashe abin da ka yi awa uku kana tarawa. API ba zai min maganin wannan ba.

Tsohon_Matuki:
Gaskiyarki 'yata, wannan ɓangaren mun yi asararsa, ban musa ba.

Bash_Sniper:
Ku danna Shift da Tab mana. Idan gem ɗin a Steam yake, manhajar nan ta sayen gem a kwamfuta, ai akwai burauza a rufin nan da ke fitowa a kan wasa, kuma tun afdet ɗin 2023 kana iya maƙale tagar a saman gem ka rage mata duhu ta zama kamar gilashi, kana wasa kana ganin jagorar. Har wajen rubuta abin tunawa suka saka. Magana ta ƙare.

Dan_Kibod:
Namu ba a Steam yake ba Bash, lanca ɗinsa, wato manhajar da ke tashin sa, daban.

Bash_Sniper:
Akwai wajen ƙara gem ɗin da ba nasu ba a laburare, ka tashe shi daga can, sau da yawa rufin yana fitowa. Ba kowane gem ba dai, musamman masu lanca biyu.

Ummu_Pixel:
Tunda an ambaci Steam, shi kansa hujja ce ga MaiKod. Ranar 1 ga Janairu 2024 suka daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1, kuma dalilin da suka rubuta shi ne Chrome ɗin da ke cikin manhajarsu ya daina aiki a waɗannan. Chrome 109 shi ne na ƙarshe a Windows 7. Ku duba fa, gem ɗin da mutum ya saya yana iya gudana lafiya lau a tsohuwar kwamfutarsa, amma burauzar da aka cusa a shagon ita ta ja aka bar shi a baya. Idan ka ɗaura kanka da Chromium, duk inda ya juya dole ka bi.

Sarkin_Lag:
Ni damuwata RAM ce. Laftof ɗina 8GB ne. Akwai wani gem da nake bugawa, ina buɗe shagonsa na ciki sai fanka ta fara kuka firem ya faɗi hoto yana tsinkewa, na duba sai na ga ashe shagon shafin intanet ne, burauza ce cikakkiya take tashi da 'ya'yanta huɗu ko biyar a bayan fage. Ko na rufe shagon ba sa tafiya. Don haka ni a cire, wlh ko a jikina.

MaiKod:
Waɗannan 'ya'yan da ka gani da gangan aka yi su haka, Chromium yana raba aikinsa gida gida ne don idan shafi ɗaya ya lalace ko aka yi kutse ta cikinsa kada ya shafi sauran. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu gem da ke kashe wannan katangar don haɗawar ta yi musu sauƙi. Amma Sarkin_Lag ka taɓo wani abu, kada mu haɗa abu biyu. Akwai burauzar da kake rubuta kowane adireshi ka tafi, akwai kuma wadda kamfani ke amfani da ita ya zana shagonsa ko menu, shafukansa kaɗai take buɗewa. Ta biyun ba ta tafi ko'ina ba, ƙaruwa ma take. Manhajar shiga League of Legends a kan CEF take, kasuwar Guild Wars 2 ma haka, FiveM kuma, manhajar buga GTA V a sabobin 'yan wasa, kusan duk wayar hannu da menu da kake gani a sabobinsa da HTML aka yi su. Ko a gem ɗin Dan_Kibod ina kyautata zaton injin zai zauna, sandar adireshin kawai za su cire.

Dan_Kibod:
To ka ga ni nan ne ban gane ba. Idan injin zai zauna saboda shagon da ke kawo musu kuɗi, ashe dai za su ci gaba da kula da shi. Me ya sa ɓangaren da ke amfanar mu ne kawai ya zama nauyi?

Zee_Tauraruwa:
Yauwa! Tambayar kenan.

MaiKod:
Tambaya ce mai kyau kuma ba zan kare su ɗari bisa ɗari ba. Bambancin shi ne injin da ya kwana biyu idan shafinka kaɗai yake buɗewa haɗarinsa kaɗan ne, don kai ka rubuta abin da zai karanta. Wanda kowa zai iya turo maka linki a cat ka danna, dole ya zama sabo kullum. Ku tuna Satumba 2023, ramin da aka samu a libwebp, kod ɗin da ke karanta hotunan WebP, hoto kawai na WebP da aka ƙera da mugunta ya isa, sai da Chrome da Firefox da tarin manhajojin da ke ɗauke da Chromium suka yi gaggawar fitar da gyara. A ce gem yana da buɗaɗɗiyar burauza mai shekara uku ba a taɓa ta ba a wannan satin. Amma eh, akwai lissafin kuɗi a ciki, ba na musu.

Hajjo_Healer:
Ni abin ya taɓa cin ɗan ƙungiyarmu, shi ya sa ba na son ta. Wani ya turo linki a cat wai ana raba kyautar kaya, yaron ya danna ya buɗe a cikin gem, shafin ya fito sak irin na kamfanin har da tambari. Da yake a cikin gem ya buɗe sai ya ɗauka ai nasu ne, ga shi tagar ba ta nuna cikakken adireshi. Ya saka suna da fasuwod. Kafin gari ya waye an kwashe komai har da asusun ƙungiya da yake riƙe da makullinsa. Da a burauzarsa ta waje ce, manhajar ajiye fasuwod ɗinsa ba za ta cika masa ba tunda adireshin ba daidai ba ne, wataƙila da jan gargaɗin nan ma ya fito. Yaron nan ya yi kuka, shekara biyu yana tara kayan. Dan_Kibod ka yi haƙuri amma ni ina ganin gara wahalar fita waje.

Dan_Kibod:
Subhanallah. Allah ya mayar masa da alheri. Amma Yaya Hajjo irin wannan ai a Chrome ma ana yi wa mutane.

Hajjo_Healer:
Ana yi ƙanina, sosai ma. Amma a can kana da kayan kare kai, a nan hannunka biyu kawai.

Ummu_Pixel:
Shi ya sa ma Google tun 2019 ta sanar za ta hana shiga akawun ɗinta ta irin waɗannan burauzoji da aka cusa a cikin manhaja, don ba ta iya bambance su da mai tare hanya yana satar fasuwod. Wanda ya gina tagar yana iya ganin duk abin da ka rubuta a cikinta. To kun ga ko an bar ta rabin intanet ba zai yi aiki daidai ba.

Kwamanda_99:
Ni GTA nake bugawa kuma burauzar wayarsa ba ta taɓa ba ni matsala ba, shekara da shekaru. Me ya sa su suka iya?

Bash_Sniper:
Kwamanda waccan ba intanet ɗin gaske ba ce ai. Eyefind da shafukan sayen mota da gidaje duk a cikin gem aka zana su, ba za ka iya buɗe YouTube a ciki ba. Ado ne na wasan.

Kwamanda_99:
Au haka ne fa. Ngd.

Dan_Sinima:
Ku bar ni in yi magana a madadin waɗanda burauzar ita ce wasan nasu. A Garry's Mod akwai sabobin sinima, ku shiga ɗaki ku ashirin kowa da kujerarsa, wani ya saka bidiyo ya fito a babban allo kuna kallo tare kuna hira. A Second Life ma tun 2010 kana iya shimfiɗa shafin intanet a jikin bango ko talabijin na cikin duniyar, mutane na yin aji da taro da shi. Wannan fita daga gem da Alt da Tab ba zai ba ka ba, waya a gefe ba za ta ba ka ba, don abin da ake nema shi ne mu gani tare a wuri ɗaya. Na yi abokai a irin ɗakunan nan da har yau muna gaisawa. Kuma mun ga abin da rashin kula ke yi, Garry's Mod ya daɗe a kan Awesomium, wani tsohon injin da masu shi suka daina sabuntawa, shafuka suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya har sai da aka kawo reshen da ke da Chromium. Ko a nan ɗin wasu bidiyon ba sa tashi saboda tsarin bidiyo na H.264 sai da lasisi, CEF ba ya zuwa da shi haka nan. Duk da haka ba wanda ya ce a cire, gyara aka nema. Don haka ni ban yarda a yi wa duka gem hukunci ɗaya ba.

Tsohon_Matuki:
Wannan magana ce. Inda shafin ya zama wani ɓangare na duniyar wasan, kuɗin kula da shi ya halatta. Inda kuwa taga ce kawai a kan wasa, nan ne ake ja.

Sarkin_Lag:
Dan_Sinima ka tuna da allon maraba na sabobin Counter-Strike da Team Fortress 2? Shi ma shafin intanet ne, aka yi shi don mai saba ya rubuta dokokinsa, sai wasu suka mayar da shi wajen tallar bidiyo mai sauti, wani ma yana ci gaba da gudana a ɓoye kana cikin wasa. Har sai da kowa ya haddace cl_disablehtmlmotd 1, umarnin da ke kashe shi. Duk ƙofar da aka buɗe sai an samu mai shigo da abin da ba a so.

Dan_Sinima:
Na tuna sarai. Amma ka ga maganin da aka yi ai, an ba ka makunni ka kashe da kanka. Abin da nake so kenan, a bar wa mai so.

Nana_Mobile:
Mu 'yan waya fa? Duk gem ɗin da nake bugawa shafin sanarwa da na bukukuwa da wajen kai ƙorafi duk burauza ce a ciki, ban taɓa jin an ce za a cire ba.

MaiKod:
'Yar'uwa ku taku ta fi sauƙi, don gem ɗin waya ba ya ɗauke da injinsa, na wayar yake ara. A Android sunansa WebView, kuma tun Android 5 ta Play Store ake sabunta shi, mai gem bai san ma an yi ba. A iPhone injin WebKit ne na Apple. Illarsa ita ce idan na tsakiyar ya samu matsala kowa ya samu, kamar Maris 2021 da wani afdet na WebView ya sa manhajoji da yawa suka riƙa rufe kansu har da Gmail, sai da aka fitar da gyara. A Windows ma yanzu akwai irinsa, WebView2 na Microsoft, yana sabunta kansa. Sai dai masu gem da yawa na gudunsa don ba sa son abin da zai canja a ƙarƙashinsu ba su gwada ba, ga masu Linux da Mac kuma.

Abban_Console:
Ku lura da Sony ma. PS4 na da burauza a fili, kuma ta ramukan WebKit ɗinta aka yi ta fasa na'urar. Da PS5 ta zo ba su saka ta a menu ba, tana nan a ɓoye don shiga akawun da makamantansu. Switch na Nintendo ma haka, sai wajen shiga wifi mai neman ka cika shafi take leƙowa. Manyan kamfanoni masu kuɗi kenan suna janye hannu.

Zee_Tauraruwa:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar monita ɗaya. Kowa na cewa waya, waya. Wiki a waya ga talla ta rufe rabin allo ga tebur ɗin lissafi ba ya shiga, kuma ba zan iya kwafo sunan kaya daga gem in liƙa a waya ba sai na rubuta da hannu.

Bash_Sniper:
Zee ki shiga saitin hoto ki canja daga cikakken allo zuwa taga marar baki. Kamanninsa ɗaya amma Alt da Tab nan take yake, babu baƙin allon nan na daƙiƙa uku, kuma kina iya jawo ƙaramar tagar Firefox ki ɗora a gefe kina hango gem a bayanta. Bidiyo kuma ki saka shi a ƙaramin allon nan mai yawo, yana zama a saman komai.

Zee_Tauraruwa:
Na gwada yanzu. Ya fi da, gsky, amma ina danna gem tagar wikin sai ta koma baya.

Ummu_Pixel:
PowerToys na Microsoft na da abin da ke riƙe taga a sama, Win da Ctrl da T. Sai dai ki fara duba dokar gem ɗinku kan manhajojin gefe.

Hajjo_Healer:
Ni abin da na fi so shi ne irin na Guild Wars 2, ka rubuta /wiki da sunan abin a cat, ya buɗe maka daidai shafin a burauzarka ta waje. Ba nema ba kwafa. Da kowane gem zai yi haka da rabin kukan nan ya ragu.

Dan_Kibod:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Maganar ƙyuya na janye ta, MaiKod ya nuna min aikin ba ƙarami ba ne, labarin Yaya Hajjo kuma ya tsaya min a rai. Amma har yanzu ina ganin ba daidai ba ne a cire ba a ba mu komai a madadi ba. EVE sun ba mutanensu API kafin su cire, mu sanarwar layi huɗu kawai muka samu. Me zai hana su bar ta ta riƙa buɗe wiki da dandalinsu kaɗai, tunda injin na nan saboda shago? Zan rubuta musu wannan a wajen shawarwari, da maganar /wiki ɗin.

MaiKod:
Ka rubuta, amma ka sani idan wikin ba a hannunsu yake ba kuma yana ɗauke da tallar wasu, to kod ɗin baƙi ya sake shigowa ta taga kenan, za su ce maka a'a. Idan su ke riƙe da wikin babu talla, shawararka na da ƙafa. Wa ke riƙe da naku?

Dan_Kibod:
'Yan wasa ne suka kafa shi, kuma akwai talla. Bari in tuntuɓi masu kula da shi in ji ko za su yarda a yi wani sashe marar talla don cikin gem.

Dan_Sinima:
Idan ka rubuta ka turo linkin nan mu je mu goya maka baya. Zee ke ma ki saka maganar monita ɗaya da bakinki, su ji daga mai abin.